Ba a cin uwa: shekarun Mma a bakin tukunyar koko a Aboabo

A Kumasi idan aka ce kokon Hausa, ko Batone, wato mutumin Asante, wanda bai taɓa shiga unguwar zango ba, ya san abin da ake nufi. Direban torotoro, wato ƙaramar motar haya, yana shan nasa a tsaye kafin ya shiga layi a tashar Kejetiya, ma'aikacin banki yana rataye leda a yatsa ya wuce ofis, mai jego kuma ana aika mata da shi har gadon asibiti. Amma kaɗan ne a cikinsu suka san cewa ledar da suke saya da ƙarfe 6 na safe an fara aikinta tun magaribar shekaranjiya. Mahaifiyarmu, wadda duk gida har jikoki muke kira Mma, ta yi sama da shekara 40 tana wannan sana'a a unguwar Aboabo. Shaida ce nake bayarwa a kanta, kuma ba ni da hanyar ba da ita sai ta aikinta, domin Mma ba mai doguwar nasiha ba ce. Abin da ta sani yana hannunta ne da harshenta na ɗanɗano.

A wajen gwaggonta ta koya. Tana budurwa, a watan Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako 2 su bar Ghana. Zangunan Kumasi suka girgiza, gidaje da dama suka zama kango cikin 'yan kwanaki. Gwaggon ta bi mijinta aka tafi, ta bar wa Mma tukunya babba, da bahon tata, da ludayi biyu, da sauran geron da bai kai rabin buhu ba. Ta ce mata: "Ga uwa nan na bar miki. Ki ci 'ya'yanta, kada ki ci ita." A bakin 'yan kasuwa jari shi ne uwar kuɗi, riba kuma abin da uwar ta haifa. Wannan magana ita Mma ta riƙe har ta tsufa.

Aikin daga sayen gero yake farawa, kuma a nan yawancin sababbin shiga suke faɗuwa. Ƙasar Tonawa ba ƙasar gero ba ce, daga arewa ake kawo shi, ta Bawku da Bolgatanga da Tamale, wani ya biyo ta kasuwar Techiman, wani ma daga Burkina Faso. Mma ba ta yarda da abin da ke bakin buhu. Sai ta cusa hannu har gwiwar hannu ta damƙo na ciki, ta buɗe tafinta. Idan gari ya manne a tafin, ƙwari sun riga ta ci. Ta sansana, domin geron da ruwa ya taɓa a mota yana da warin fumfuna da ba ya fita ko an wanke shi sau goma. Ta ciji ƙwaya guda, mai kyau yana ƙara a haƙori. A gida kuma buhu ba ya taɓa ƙasa, sai a kan katako, nesa da bango, saboda damshin Kumasi, garin da ke da damina biyu a shekara, yana lalata hatsi cikin makonni.

Ma'auninta olonka ne, gwangwanin nan da ke ɗaukar kusan kilo 2 da rabi. A ranar kasuwa mai kyau olonka 6 take jiƙawa. Da an sallame magariba za a zuba geron a baho, a cika ruwa, a kwashe duk abin da ya taso sama, don ƙwayar da ta taso fanko ce. Sannan a rairaye da ƙwarya, a hankali, har tsakuwa da yashi su taru a gindi. Mutum ɗaya ya tauna yashi a kokonki, in ji ta, kin rasa shi da duk mutanen gidansu. Gero yana kwana a ruwa har hantsi, awa 15 ko 16. Idan bai jiƙu sosai ba, inji ba ya murje shi, rabinsa ya tafi a dusa. Idan kuma ya wuce lokaci, ruwan ya yi kumfa ya fara wari, warin ya bi kokon har cikin leda. Ruwan jiƙon zubarwa ake yi, a ɗauraye sau biyu da sabo.

Kayan yaji kuwa a nan sunan mai koko yake. Ga kowace olonka Mma tana sa ɗanyar citta cikin tafin hannu guda, an kankare an yayyanka, da busasshen barkono 6 ko 7, da kanumfari kamar ƙwaya 12, da masoro ƙaramin cokali, da kimba guda ko biyu. Kimba sai ta fasa ta zubar da 'ya'yan, domin ƙamshin yana cikin ɓawo, ɗacin yana cikin 'ya'ya. Kanumfari idan ya yi yawa yana kashe harshe, mai sha ya ji kamar magani. Barkono kuma ba a so ya yi ihu a baki, a maƙogwaro ake so a ji shi bayan an haɗiye. A hunturu tana ƙara citta, a zafin Fabrairu da Maris ta rage barkono. Duk tare da geron ake kai su nika-nika, yadda mutanen Ghana ke kiran injin niƙa, kalmar da suka ara daga bakinmu.

Wajen niƙa tana da sharuɗɗa da masu inji suka haddace. A wanke injin a gabanta, domin idan an gama niƙa masarar da ta yi kwana uku a ruwa, ko tumatir da albasa, ragowar tana canza ɗanɗanon ƙullu duka. A niƙa sau biyu. Ranar da aka wasa duwatsun ƙarfen injin kuma, ba ta yarda geronta ya fara shiga, sai an fara wuce da dusa, saboda sabon washi yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe, ƙullu ya fito da duhu. Idan ƙarfen ya dakushe shi ma asara ce, niƙa ya fito da tsaki, gasarar da za a samu ta ragu.

Tata ita ce mai cin baya. Ana ɗaure farin ƙyalle mai laushi a bakin baho, a dama ƙullun da ruwa kamar ninki uku, a riƙa zubawa ana murzawa da hannu. Dusar da ta rage a ƙyalle ana sake wanke ta sau biyu ko uku, har ruwan da ke fita ya daina fari. Mai gaggawa tana tsayawa a wanki ɗaya, tana zubar da ribarta ba ta sani ba. Dusar ma ba ta zuba. Masu kiwon raguna suna saye, musamman gab da Babbar Salla, kuma kuɗinta Mma daban take ajiyewa, da shi ake biyan kuɗin Larabar makarantar allo.

Daga nan sai a rufe baho a bar shi. Gasara ta kwanta a ƙasa, ruwan tsami ya taso sama. Wannan tsamin shi ne ran koko, kuma ba agogo ne ke auna shi ba. A daren hunturu mai sanyi yana jinkiri, sai ta tace da azahar, wani lokaci ma ta zuba kwano guda na ruwan tsamin jiya don ya tashe shi. A lokacin zafi kuwa yana gudu, sai ta jinkirta tata zuwa la'asar, in ba haka ba da asuba ka tarar ya yi tsamin da sukari ba ya gyarawa. Da ƙarfe 3 na dare take tashi, ta ɗiga ruwan a harshe, nan take ta san nawa za ta riƙe, nawa za ta zubar ta maye da sabon ruwa.

Ruwan tsamin ake fara ɗorawa a wuta, ya tafasa sosai, tafasar da ake jin ƙararta daga ɗaki. Gasarar kuma a dama ta da ruwan sanyi har ta yi sumul. Mma tana raba ta uku. Kashi biyu take zubawa cikin tafasasshen ruwan, siriri, hannu ɗaya na zuba ɗaya na juyawa da muciya, a janye itace don kada gindi ya kama. Idan ya yi kauri ya nuna, a sauke, nan da nan a zuba kashi na uku ɗanye a juya, zafin tukunyar ya ƙarasa dafa shi. Wannan ne ke sa koko ya yi santsi ya zubo daga ludayi kamar zare, maimakon ya daskare kamar tuwo. Kurakuran kuwa sanannu ne. An zuba gasara da yawa lokaci guda, gudaji. Ruwa bai kai tafasa ba, koko ya tsinke ya yi ɗanye-ɗanye. An yi jinkirin zuba kashi na uku har tukunya ta huce, haka nan. Wuta ta yi yawa a ƙarshe, ƙauri, kuma ƙauri ba shi da magani, ko an juye a wata tukunya yana biyowa. Akwai kuma dokar da ba ta yafe wa kowa: ludayi ko cokalin da ya taɓa baki ba ya komawa tukunya. Yawu yana narkar da koko, kafin a kai bakin titi ya zama ruwa. Sukari ma ba ya shiga babbar tukunya, kowa nasa ake sa masa a kwano ko a leda. Tukunyar ana naɗe ta da buhu da tsohon bargo, ta riƙe zafi har ƙarfe 9.

Ƙosai, wanda a nan ake cewa kose, aikinsa daban ne a cikin wannan daren. Farin wake olonka 2, a ɓarza shi a bushe, a sheƙe ɓawon, a jiƙa abin da bai wuce awa guda ba, a niƙa da albasa da attaruhu da ruwa kaɗan. Ruwa ya yi yawa, ƙosai ya baje a kasko ya sha mai. Sirrin yana cikin bugu: ana buga ƙullun minti 15 zuwa 20 har ya yi haske ya kumbura, gwajinsa kuma a ɗiga kaɗan a kofin ruwa, idan ya taso ya yi. Gishiri ba a sa wa duka, sai ɗan abin da za a soya yanzu, domin gishiri yana saukar da ƙullu ya saki ruwa. Mai idan bai yi zafi ba ƙosai ya jiƙe, idan ya wuce kima waje ya ƙone ciki ɗanye.

Ina so mai karatu ya lura da wani abu. A kowane lokaci aiki uku ne ke tafiya tare: na yau yana kan wuta, na gobe yana kwance a baho, na jibi yana jiran magariba a jiƙa shi. Rana ɗaya aka yi sakaci, kwana biyu ake biya. Babanmu fataucin goro yake yi, sai ya yi wata ba ya gida. Mace ɗaya ce ke riƙe da wannan jadawalin a ka, da goyo a baya, babu takarda babu alƙalami. Ina jin zafi idan na ji ɗan zango ya yi karatu ya samu aiki, aka tambaye shi sana'ar mahaifiyarsa, ya yi ƙasa da murya ya ce "tana ɗan saye da sayarwa". Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi wa ya fi cancanta a kyautata masa, sau uku ya ce mahaifiyarka kafin ya ambaci uba. Kyautatawar tana farawa daga faɗin sunan sana'arta da cikakken baki.

Bayan an tashi kasuwa, wajen ƙarfe 9 da rabi, take shimfiɗa zane ta juye ciniki. Abu na farko da take warewa uwa ce: kuɗin gero, wake, mai, itace, sukari, niƙa, ruwa, leda, a farashin yau ba na jiya ba. Wannan yana shiga gwangwani a rufe, ko wuta ce ta kama ba a buɗe shi sai a gaban mai gero. Sannan adashi. Sannan cefane. Abin da ya rage, in ya rage, shi ne na rufin asiri, wato magani da littafi da takalmin makaranta. Ta yi adashi iri biyu. Akwai na mai susu da ke zagayawa kullum da kati, wanda a ƙarshen wata yake riƙe zubin rana ɗaya ladansa ya mayar da sauran. Akwai kuma na matan unguwa da ake kwasa bi da bi. A wannan na biyun kullum tana roƙon a ba ta kwasar Nuwamba ko Disamba, lokacin kaka, gero na araha. Sai ta sayi buhuna ta ajiye, idan tsada ta zo tsakiyar damina wasu na saye olonka-olonka, ita tana ɗiba daga ɗaki. Yawan ribar shekararta daga wannan dabarar take fitowa, ba daga cinikin safiya ba.

Idan gero ya yi tsada mai koko hanya uku gare ta: ta ƙara ruwa, ta rage ludayi, ko ta ƙara kuɗi. Mma ba ta taɓa bin ta farko ba. Tana rage ludayi, ta kuma faɗa da baki, da Hausa da Tonanci, "Yau ludayin ƙarami ne, gero ya hau." Bashi tana bayarwa, ga 'yan makaranta da 'yan matan arewa masu ɗaukar kaya a kasuwa, ta ja layi da gawayi a bango. Layi uku ya cika, sai ta kira mutum gefe. Idan ta ga babu ne da gaske, ta goge layin da hannunta ta ce ya zama sadaka, amma ba za ta bar shi ya kai goma ya zama gaba ba. Ludayin farko na kowace rana na ladanin masallacin layinmu ne, gindin tukunya kuma na tsofaffi biyu da ba su da kowa. Wannan ma tana lissafa shi cikin kuɗin aiki, kamar itace.

Shekarar 1983 ita ce ta gwada dokar gwaggo. Fari ya yi tsanani, gobarar daji ta cinye gonaki, ga kuma 'yan Ghana kusan miliyan guda da aka koro daga Najeriya sun dawo a farkon shekarar. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, ana kiransa sarƙar Rawlings, shugaban ƙasar na lokacin. Gero ya ɓace a kasuwa. Masu koko da yawa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango sun cinye jarinsu a watannin nan, kuma ba wanda zai zarge su, yunwa ba ta da kunya. Mma ta sauko daga olonka 6 zuwa 2, ta haɗa da masara idan ta samu, ta daina ƙosai gaba ɗaya don mai ya gagara. Dusar da ake sayar wa masu raguna ta daina sayarwa, ta riƙa shanya ta, ta daka ta tankaɗe, ta tuƙa wa gida da miyar ayoyo. Ta sayar da zannuwanta na aure ɗaya bayan ɗaya. Gwangwanin uwa dai bai buɗu ba. Da ruwa ya dawo a 1984 hatsi ya sauko, tukunyarta tana kan wuta, ba ta nemi rancen kowa don sake farawa ba.

Sauran canje-canjen sun zo da sauƙi idan aka kwatanta. A watan Yulin 2007 aka canza kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, aka sha rikicin canji wata da watanni, ita kuwa har yau da tsohon lissafi take ƙirga a zuci. Leda ta kori kwano da ƙwarya, aka koyi ɗaure ta ba iska a ciki don kada ta fashe a hannun yaro. Masu duba-gari, da ake ce wa tankas, suna zuwa neman takardar gwajin lafiya, takardar Mma kullum tana cikin leda a ƙarƙashin tebur. A 2015 da ɗauke wuta ya yi tsanani, abin da aka sa wa suna dumsor, nika-nika yana iya yini a kashe alhali gero na ruwa yana neman lalacewa. Sai ta riƙa tsame shi a kan lokaci ta baza a tire, ta nemo mai injin dizal, ta biya ƙari, ta sa ƙarin a lissafin uwa. Azumi kuma kowace shekara yana juya jadawalin kaf: dahuwa ta koma bayan azahar, ciniki ya koma gab da buɗa-baki, jiƙo ya koma safiya.

Jiki ne ya biya kuɗin duk wannan. Shekaru na hayaƙin itace sun taɓa idonta da ƙirjinta, sunkuyon tata ya taɓa baya, ɗaga tukunya ya taɓa gwiwa. A damtsenta na dama akwai tabon koko, kuma ƙunar koko ta fi ta ruwan zafi muni domin yana manne wa fata. Maganin farko a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu kamar minti 20 sannan a tafi asibiti, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Wanda uwarsa ke wannan aikin, kafin ya saya mata leshin salla, ya fara da murhun gas, da tebur mai tsayin ƙugu don ta daina tata a sunkuye, da yarinya ko yaron da za a biya ya ɗebi ruwa, da kai ta a duba ido. Ya sabunta mata katin inshorar lafiya, wanda ya kai shekara 70 ma an ɗauke masa kuɗin shekara. Kada kuma ya zo rana ɗaya ya ce ta bar sana'a kawai don yana jin nauyin abokai. Macen da ta saba riƙe kuɗinta, idan aka zaunar da ita tana jiran a miƙo mata, tsufa yana saurin kama ta.

Yanzu Yaya, babbar 'yarta, ita ke riƙe da tukunyar, a kan gas, kuma rabin masu saye ta waya suke biya. Gwangwanin uwa yana nan, Yaya tana cire kuɗin daga waya ta zuba a ciki don Mma ta ji nauyinsa a hannu. Ƙarfe 3 na dare har yanzu idon Mma yana buɗewa da kansa. Takan yi alwala ta yi nafila a zaune, sannan Yaya ta shigo da ƙaramar ƙwarya da ruwan tsami a ciki, ta durƙusa ta ce, "Mma, ga shi." Sai ta tsoma yatsa ta kai harshe, ta yi shiru kaɗan. Daren jiya cewa ta yi, "Zafi ya shigo. Ki zubar da kwano biyu ki sa sabo, gobe kuma kada ki tace sai la'asar."